Daɓen Inna

Daga ƙofar gidanmu ana jin kiran sallar cikin Anka tangaran, amma in ka shiga kasuwa ka faɗi inda ka fito, sai a yi maka kallon baƙauye. In kuma ka nausa wajen dangin Inna a ƙasar Bukkuyum, can 'yan birni ake ce mana, har ana tambayarmu ko muna shan ruwan firij. Ina firij! Falwayar wutar ma a bayan gidan ƙarshe na cikin gari ta tsaya, muna hangen ta daga bakin rijiyarmu. Gonaki ƙalilan ne tsakaninmu da su, kuma kowace shekara sai an yanka wata an yi fuloti.

Mu dai manoma ne, da Fulanin da suka gaji da yawo suka kafa gida kusa da mu, sai samarin da ke kwana a wajenmu su yini cikin gari suna kabu-kabu. Kome za mu yi, idonmu na kan mutanen gari. Suka sa kwano muka sa kwano. Suka yi ƙofar ƙarfe, wanda bai da katangar kirki ma ya sayo ya kafa. Su kuwa ba su san muna yi ba, sai in suna neman nono ko itace.

Cikin garin aka kai ni aure, gidan wani tela. Mijina ba ruwansa, mutum ne mai sanyi. Uwarsa ce dai, Allah ya ji ƙanta, bakinta ba ya ajiye magana. Da cikina ya fito, ta tako har gidanmu don a tsai da lokacin da zan dawo haihuwa gaban Inna, tunda na fari ne. Inna ta kai ta ɗakin da zan zauna. Matar nan ta tsaya a bakin ƙofa, ta tattare zanenta kamar za ta tsallake kwata, ta dubi ƙasan ɗakin ta ce, "Ashe har yanzu ba ku sa siminti ba? Ga ku bakin gari! Nan za a aje mini jika?"

Ni da ke tsaye a bayansu sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Inna ta yi dariya kawai ta ce, "A'a Hajiya, kahin lokacin ai an gyara." Na san dariyar nan. Inna ba ta mayar da magana, amma ba ta mantuwa.

Kuma fa an taɓa ta a inda take taƙama. Duk unguwarmu babu macen da ta kai ta iya daɓe. In za a yi wa amarya ɗaki ita ake kira, ta zaɓi tsakuwa, ta jiƙa, ta jera mata da madaɓansu suna bugu suna waƙa, ita tana bi tana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi santsi ta yi duhu. Siminti kuwa Baba ya ce ba a wannan shekarar ba, ba ta sake tayar masa da zancen ba.

Lokacin ne zinare ya haukata mutane. Ana ɗauko duwatsu a buhuna daga wajen Bagega bisa babura, wasu samari suka kafa injin niƙa a bakin kududdufin bayan gidajenmu, don cikin gari an hana su saboda ƙara. Su niƙa, su wanke, su kwashe abin da suke nema, su tara sauran garin dutsen tsibi-tsibi. Nan Inna ta gan shi wata rana da ta je ɗibar ruwan wanki. Laushi kamar garin tuwo, launinsa toka-toka, in ya bushe sak siminti. Ta tambayi yaran, suka ce ta ɗiba. Ta yi ta jida da kwano a ka har ta tara abin da ya ishe ta. Ta cakuɗa da 'yar tsakuwa, ta kira mata aka buga. Makuba ce kaɗai ba ta sa ba, don kada ta ɓata launin, alhali makubar ce ke kama daɓe ta hana shi tashi.

Ranar da na dawo gida na ga ɗakin, sai da na yi guɗa. Wallahi ya yi kyau. In rana ta shigo ta ƙofa har wani ƙyalli yake yi. Ranar suna uwar mijina ta shigo da ƙawayenta, ta goga ƙafa a ƙasa, ta duƙa ta shafa da hannu, ta ce, "Wane irin siminti ne wanga?" Inna ta ce, "Irin namu na ƙauye." Na danne dariya har cikina ya yi ciwo. Na yi arba'in a ɗakin, na koma gidana da ɗana namiji, lafiyayye, ƙato.

Ɗan fari ne, don haka ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane. Haka muka tashi muka gani. Inna ce ke da bakin yabonsa. "Ina maigidana? Ina angon? Kai, wanga miji ko cehwane bai iya ba, sai cin tuwo!" Shi kuma da ya hango ta sai ya fara zillo. Da ya kusa shekara biyu aka ce a yaye shi, aka kai mata shi kamar yadda ake yi. Kafin ya zo ta sake ɗebo garin dutsen ta shafe ɗakin, wai kada ango ya tarar da ɗaki ya tsufa.

A lokacin mun fara jin labari. Ana cewa yara na mutuwa a Abare, a Sunke, a ƙauyukan can ciki. Wasu su ce sanƙarau ne, wasu su ce iskokin ramukan zinare ne aka taɓa. Muka jajanta, muka ce Allah ya kyauta. A ranmu abin mutanen daji ne, masu daka dutse a turmin da suke daka gero. Mu ai bakin gari muke.

Ban je ganinsa ba. Uwar da ke yaye ba ta leƙe, balle ta ɗan fari. In 'yan unguwarmu sun shigo gari sai in yi ta kewaye-kewaye, in tambayi lafiyar Baba, da awaki, da maƙwabta, ina jira su kai kansa da kansu. Suka ce yana nan ya saba, ya yini a ɗakin Inna yana ƙwaƙular ƙasa da cokali yana kaiwa baki, Inna na kwaɗe masa hannu. Muka yi dariya. Wane yaro ne ba ya cin ƙasa? Daga baya aka ce ya rage cin abinci, yana yawan kuka, cikinsa na ciwo. Uwar mijina ta ce kewar nono ce, zai bari.

Wata rana da hantsi ina tankaɗe, sai ga Inna ta faɗo gidan ba sallama, ba mayafi, da shi a kafaɗa. Inna da ko ƙofar gida ba ta leƙawa haka! Ta ce, "Karɓi, karɓi, ban san mi yas same shi ba!" Na karɓa. Jikinsa ya sandare, idanunsa sun juye sama, haƙoransa sun datse, ƙafafunsa na ta karkarwa. Kunyar ɗan fari ta tafi inda ta tafi. Na ƙwala masa kira da sunansa, na sake, na sake, a gaban uwar mijina da kowa. Bai san ina yi ba.

A asibiti na ga abin da ban taɓa gani ba. Mata a ƙasa, mata a baranda, kowace da yaro a cinya, duk irin ciwon ɗana. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka yi masa allura jijjigar ta lafa, aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito wata ma'aikaciya ta zaunar da ni ta ce gubar dalma ce, kuma ta yi yawa ƙwarai a jikinsa. Ta ce dalmar a cikin dutsen zinaren take, in an niƙa ta bi ƙura, yara su haɗiya.

"Ubansa na haƙar zinare?"

Na ce tela ne.

"Ana niƙa dutse ko daka shi a gidanku?"

Na ce ba a yi.

"Gidan kakarsa fa?"

Nan raina ya ɓaci. Na ce mata ubana bai taɓa riƙe dutsen zinare ba, da fartanya aka san shi, kuma uwata ta fi duk matan garin nan tsafta, in tana shakka ta je ta ga ɗakinta. Har da nuna ta da yatsa, Allah ya yafe mini. Ba ta yi fushi ba. Ta ce za a je.

Aka je kuwa. Na bar yaron da ubansa na bi su, don in ga ƙarshen rainin. Mutum biyu ne, da wata na'ura mai kama da babbar tocila da suke kafa bakinta a ƙasa su karanta. Suka auna zaure, suka auna tsakar gida, da bakin murhu, da gindin turmi. Babban cikinsu ya ce akwai kaɗan, irin wadda iska ke kawowa, amma ba ta isa ta yi wa yaro haka ba. Na dubi Inna, na ce a raina, to kun gani.

Sai ya ce, ina yaron ke kwana?

Inna ta ɗaga labule da kanta. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya kafa na'urar a tsakiyar ɗaki. Ya duba. Ya matsa kusurwa ya sake. Ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya duba, suka kalli juna. Sannan ya fito waje da sauri, ya ce kowa ya ja baya daga ƙofar.

"Inna, da me aka yi wannan simintin?"

Har yau ina tuna fuskarta a lokacin. Murmushi ta yi. Ta ɗauka yabo ne. Ta ce, "Ai ba siminti ba ne ɗana, kowa haka shika cewa. Daɓe ne, ni niy yi shi da hannuna. Garin dutsen ga na bakin kududduhi niɗ ɗebo."

Ni na riga ta ganewa. Na zauna daɓas a ƙasa. Ina jin mutumin yana yi mata bayani a hankali, da ladabi, yana cewa ba laifinta ba ne, ba wanda ya sani. Ita kuwa tana ta kallon bakinsa, murmushin bai gama barin fuskarta ba. Can ta ce, "Ɗakin?" Ya ce e. Ta ce, "Wanga ɗaki da nig gyara mai?" Ya ce e, Inna. Ta juya ta dubi ɗakin, ta dube ni, ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi kuka ba, wani sauti ta yi da ban taɓa jin ya fito daga bakin mutum ba.

Ni haushi ne ya fara zo mini kafin hawaye. Na rasa wanda zan kama. Samarin injin? Sun kwashe kayansu sun gudu tun da aka fara zancen. Uwar mijina da bakinta? Na so in je in tsaya a tsakar gidanta in faɗa mata ga simintin da ta nema. Ban je ba, don na tarar da ita a asibiti tana ta kuka tana jan carbi a kan yaron. Inna kuwa, ko kallon banza ban iya yi mata ba.

Aka zo da mutane masu rufe hanci da baki, suka fasa daɓen da diga, suka kwashe a buhuna, suka kankare tsakar gidan, aka zubo sabuwar ƙasa. Da ƙyar digar ke shiga, don ya bugu. Inna na zaune a bayan rumbu, ba ta leƙo ba har suka tafi.

Yaron ya daɗe a asibiti ana ba shi maganin da ke fitar da gubar. Na ga waɗanda aka fitar a naɗe cikin zane, na ƙi kallon iyayensu. Nawa ya rayu. Duk tsawon kwanciyarsa, Inna ba ta zo ba. Kullum sai ta aiko da kunu da fura, in na aika ta zo sai ta ce da wane ido. Likita ya gaya mana abin da ciwon ya bari, na hana kowa kai mata labari, na ce ni zan faɗa mata da kaina. Kullum in ce gobe.

Bayan an sallame mu Inna ta zo gidana da rana tsaka, ba ta aiko ba. Ta rame har zanenta na zamewa. Yaron na zaune a tabarma a tsakar gida, ina daga madafa. Ta tsaya nesa da shi, ta durƙusa, ta buɗe hannuwa, ta ce, "Taho, taho gare ni."

Ya ɗago kai. Ya gane muryar, ya washe baki yana dariya. Ya miƙe da ƙyar, ya miƙa hannu biyu, ya nufi bangon da ke gefenta.

Inna ta ce, "Ga ni nan, ga ni nan hwa." Ta kaɗa masa hannu. Ya ci gaba da lalube har tafinsa ya taɓa bango.

Ta juyo ta dube ni. Na ce, "Inna, matsa ki kama hannunshi. Ba shi gani."