Hodar da Dattijuwa ta Riga Ni Shafawa

Mun tashi daga Katsina bayan sallar asuba, mako guda da fitata takaba. Surukata da ke Maraɗi ta aiko tana son ganina, tana kuma son ganin Dattijuwa, tsohuwar motar ɗanta, maigidana Malam, Allah ya jiƙansa. Magada sun riga sun yanke magana: in motar ta kai mu ta dawo, za a bar wa 'ya'yana ita, in ta mutu a hanya, a kira 'yan gwangwan. Sani ƙanen Malam ne ya tuƙa.

"Matar Yaya, yau ni ne maigida, sai ki riƙa ce mini ranka ya daɗe."

"Ka fara kai mu tukuna."

Daddara

Mun wuce shinge biyu lafiya, muna cin ƙosai, Sani yana waƙa da muryarsa mai kama da ta agwagwa. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, har na ji kunya. Daf da Daddara motar ta fara gurnani, giya ba ta shiga sai ta yi jinkiri. A shinge na uku wani soja ya leƙa ƙasa ya ce, "Direba, tsohuwarka tana zubda jini."

Sani ya ce baƙin mai ne, ya buɗe gaba ya ƙara wa inji rabin galan. Ni kuwa na tuna Malam. Kullum yana shimfiɗa kwali ƙarƙashinta da yamma, da safe ya tsuguna ya duba ɗigon kamar mai duba jariri. Na ce, "Sani, Malam yana cewa baƙi na inji ne, ja na giya."

"To, yanzu kuma kin zama bakanike?"

Jibiya

Da ƙyar muka lallaɓa zuwa bakin iyaka, babura masu jarkoki suna wuce mu suna mana tsiya. Aka nuna mana garejin wani dattijo, Malam Ilu. Ya sa kwali, muka jira. Ɗigo biyu suka sauko, baƙi da ja. Ya zaro sandar gwajin giya, kusan a bushe. Ta inji kuwa mai ya haura alama.

"Samari, mai ƙishirwa daban, wanda ka shayar daban. Da kun ƙara gaba kaɗan, da giyar ga ta ƙone."

Sani ya sosa ƙeya. Malam Ilu ya rage man injin, ya wanke ƙasan motar da kananzir, ya bari ya bushe. Ya ce mai yana bin jiki ne ya ɗiga nesa da inda ya fito, don haka sai an barbaɗa farin gari a ga sawunsa. Ya dube ni.

"Hajiya, ko kina da hoda?"

Ina da ita. Ranar fitata takaba ƙanwata ta ba ni, da kwalli da turare. Kullum nakan ɗauko ta in mayar, hannuna ya kasa buɗewa. Na zaro ta daga jaka na miƙa.

Ya barbaɗa, Sani ya tada mota. Ba a jima ba baƙin layi ya bayyana daga gefen murfin inji, inda robar ta tsufa ta taurare. Jan kuwa daga tiyon da ke kai man giya lagireto yake, ya tsage a bakin maɗauri. Garejin duk ya ɗauki ƙamshi.

"Wannan amarya daga wane gida?" in ji wani direban tirela. Sani ya rangaɗa guɗa, ƙato da shi. Na yi dariya har hawaye suka zo, na bar su suka sauka.

Aka yanke bakin tiyon aka ɗaure, aka sa sabuwar roba, aka cika giya da jan mai. Muka ci tuwon dawa a rumfar gefe, muka yi azahar.

Maraɗi

'Yan duwan, kwastan na Nijar, ba su tsare mu da yawa ba. Mun isa kafin la'asar. Hajiya surukata ta fito da sandarta, ta rungume ni, sannan ta dafa motar. Can ta shaƙi iska.

"Wa ya yi mata kwalliya?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ke fa?"

Na kama hannunta muka shiga gida.

Gida

Washegari muka juyo, Dattijuwa tana sauya giya ba gardama. Da yamma na shimfiɗa kwali da kaina. Da safe na tsuguna inda Malam yake tsugunawa, na jawo shi, babu ɗigo ko ɗaya. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Ilu, har da Sani.

Hodar saura kaɗan a gindin gwangwani. Ta ishe ni.