Tabon Lalle a Gefen Takarda

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ruwan sama ya huda rufin ɗakin kakata a Rijiyar Lemo. Wata bakwai ke nan da rasuwarta. Baba ya ce gafakar fata da ke rataye a ɗakin ba za ta ƙara kai wata damina ba, gara a kai ta ɗakin karatu na jami'a, inda ake adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Ni aka ba riƙon ta a cikin tasi, saboda ba na surutu kuma ba na yar da abu. Ina aji biyu na sakandare.

Mun ratsa ta tsakanin kantoci masu littattafan Sin da Indiya, rubutu kamar sawun kaji, har muka kai wani ɗaki mai sanyi. Jami'in da ya karɓe mu dattijo ne mai tabarau. A gefensa wata mata ce zaune gaban tafireta. Na gane ta, uwar 'yar ajinmu ce daga Sabon Gari, amma na sunkuyar da kai.

Jami'in ya kwance gafakar, ya fara ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya ga zaren atamfa a tsakani sai ya zare ya ajiye gefe.

"Alhaji, rubutun waye?"

"Na gidan Malam ne," in ji Baba. "Mahaifina. Daga Barno suka zo."

"Madam, sa: rubutun Malam."

Kakana ya rasu kafin a haife ni, kuma kowa a gida ya san mai wa'azi ne, bai cika riƙe alƙalami ba. Kakata ce ke rubutu. Na sha dama mata tawada. Zarurrukan nan daga ƙyallayen da Baba ke kawowa daga Kantin Kwari take cirowa, ja inda ta tsaya, shuɗi inda take son komawa. Baba ya fi ni sani. Sai dai shi ɗan fari ne, ban taɓa jin sunan mahaifiyarsa a bakinsa ba. Ni ma da aka sa mini sunanta, Inna yake kirana.

Tafireta ta fara ƙara. Na ɗora tafin hannuna a kan takardun.

"Ba shi ba ne."

"Ke, Inna! Ɗauke hannunki."

Ban ɗauke ba.

Jami'in ya leƙo ni ta saman tabarau. "Iko! Mulkin farar hula har ya iso nan? To, ranki ya daɗe, mece ce shedarki?"

Na nemo takardar da na sani, mai tabon yatsa ja a kusurwa. Jajiberin wata sallah ce, lallen kakata bai gama bushewa ba wata aya ta faɗo mata a rai, ta kasa haƙuri ta buɗe takardun.

"Malam yana ƙunshi?" na ce.

Matar ta ƙyalƙyale da dariya har ta dafe tebur. "Oga, yarinya ta kama ka. In cire takarda ko in bari?"

Jami'in ya dubi Baba. Baba ya dubi fanka. Can ya ce, "Gaskiya ta faɗa."

"To sunan marubuciya, Alhaji?"

Baba ya gyara hularsa. Na gane ba zai iya ba, ko za mu kwana a nan. Jika kuwa ba ta da wannan nauyin. Na faɗi sunan da ƙarfi, har da na mahaifinta, irin yadda ban taɓa ɗaga murya a aji ba. Matar ta sa sabuwar takarda, ta buga, ta juyo mini da ita in duba.

Ban bar ɗakin ba sai da aka mayar da zarurrukan. Ni na mayar, ja da shuɗi, kowanne inda na tuna. Guda biyu ban tabbata ba, na ce a rubuta cewa ban tabbata ba.