Hajjo Mai Kwance Kan Takaba

A unguwar da Hajjo take zaune a Gadarif ta ƙasar Sudan babu macen da ta taɓa yin furfura. Haka matan ke faɗi, kuma wa ya isa ya ƙaryata matan da suka je Makka sau biyu-biyu? Mace za ta aurar da jika, haƙoranta su fara yi mata sallama ɗaya bayan ɗaya, ba ta tashi sai ta dafa bango, amma in ta zame mayafi a cikin mata sai ka ga gashi baƙi wuluk. Sai ta ce gado ne, haka kakarta ta rasu da abinta. Wannan gadon kuwa Hajjo ce ke kwaɓa shi a kwano duk bayan mako shida.

Kakar Hajjo ta taso daga yamma da niyyar hajji, ƙafa ta kawo ta garin Hawata, ta ce bari ta huta damina ɗaya. Daminar ce ba ta ƙare ba har aka binne ta a can. Abin da ta bar wa zuriya bai wuce ƙullin irin baba ba, ganyen nan da ake rina tufafi da shi, sai kuma sanin yadda ake haɗa shi da lalle a kan mutum. Aikin kwana biyu ne, ba ya son gaggawa. Ranar farko a kwaɓa lalle da ruwan zoɓo a shafe kai, furfura ta koma ja kamar gemun ladan. Kashegari a bi da baba, jan ya koma baƙi. Daga nan sai wanki da ganyen magarya, sai karkar, man da Hajjo ke dafawa da kanta daga riɗi da kitsen rago da kakin zuma da kanumfari. Gashi irin namu mai tauri da murɗewa, wanda ke karya mataji ya kwana lafiya, in ya sha wannan sau uku sai ya yi laushi ya daina karyewa.

Aure ne ya kawo Hajjo Gadarif, gidan Wada tela. Ba ta shekara ba wata maƙwabciya ta fita takaba da kan da ya yi wata huɗu da kwana goma bai ga mai ko mataji ba, ya dunƙule ya zama abu guda. Dangi suka ce a kawo aska. Hajjo ta ce a ba ta kwana uku. Ta zauna da kwalbar karkar da yatsunta, tana warware shi sili-sili, ranar ta uku ta sa lalle, matar ta fito da gashinta cif. Labari ya bazu. Daga Shuwak har Fau, duk macen da za ta fita takaba sai a aiko raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ta ɗauki Hajjo.

A nan ne masu zurfin tunani na unguwa suka zauna suka gano wani abu: duk gidan da aka ga Hajjo da kwanonta, to miji ya mutu. Cewa mijin ya bar duniya wata huɗu kafin ta shiga gidan bai dami kowa ba, wannan ai ƙaramin bayani ne. Haka nan babu wanda ya tsaya duba Wada, wanda ya shekara talatin yana cin tuwo daga hannun nan safe da yamma, ko mura ba ta cika kama shi ba. Hukunci ya riga ya fita: hannun Hajjo hannun takaba ne, ba ya taɓa kan amarya. Masu furfurar da ba su da furfura kuwa suka ci gaba da zuwa da hantsi ta ƙofar baya, wajen turken awaki, kowacce wai ta zo aron taɓarya.

Wadda ta fi kowa yawan aron taɓarya ita ce Hajiya Fatna, matar Alhaji Abuelgasim dillalin riɗi. Shekara goma sha biyar tana zuwa, Alhaji yana nan yana ƙara tumbi. A gidan biki kuwa in aka ambaci Hajjo, ita ce farkon cewa a'uzubillahi.

Sai Allah ya yi abin da ya saba yi wa masu girman kai: ɗan Hajiya Fatna, Abdulganiyyu, ya ce duk duniya ba ya son kowa sai Amira, 'yar Hajjo ɗaya tilo.

Hajjo ta yi murna, kuma ba don riɗin Alhaji ba. A shekara talatin ta gyara kawuna fiye da yadda za ta iya tunawa, ko ɗaya babu na amarya. Wannan abu yana cin ranta, ba ta taɓa faɗa wa ko Wada ba. Yanzu ga amarya a ɗakinta, kan da ta shafa wa mai tun ranar suna, kuma babu mahaluƙin da zai ce uwa ba za ta gyara kan 'yarta ba. Ta shanya lalle a inuwa don kada rana ta kashe masa launi, ta daka, ta tankaɗe da ƙyalle sau uku. Ta sa aka kawo mata kitsen rago sabon yanka.

Saura kwana goma biki, saƙo ya zo daga gidan Hajiya Fatna. An ɗauki Reem, wata mai gyaran gashi da yaƙi ya koro daga Khartum ta buɗe shago kusa da kasuwa, ita za ta yi kan amarya. Wai Hajjo ta huta, ai ta sha wahala. Hajjo ta gane irin hutun da ake nufi. Ta dubi Amira, Amira ta sunkuyar da kai, Hajjo ta ɗauka kunyar surukai ce. Ta rufe kwanon lallen ta tura ƙarƙashin gado, ta kwana biyu tana tsine wa Fatna a zuci.

Abin da ya faru a shagon Reem, Hajjo ba ta gani da ido ba, amma kafin azahar mata shida sun kawo mata shi, kuma a karon farko a tarihin unguwar bakinsu ya zo ɗaya. Hajiya Fatna ta je a matsayin uwar ango, ta ga hoto a waya, ta ce ita ma a yi mata layi-layi masu launin zuma irin na matan Khartum. Reem ta san aikinta. Ta taɓa gashin ta ce, ya Hajja, an taɓa sa masa lalle ko baƙin ganye? Shagon cike yake da matan unguwa, kowacce ta kasa kunne. Fatna ta ce ita? Gado ne. Reem ta ce maganin da ke sauya launi ba ya shiri da ganye, in akwai a faɗa mata, babu komai. Fatna ta ce babu. Reem ta tambaya karo na uku, Fatna ta rantse, matan suka shaide ta, don in ta faɗi su ma sun faɗi. Aka shafa magani. Da aka wanke, maganin ya cinye jan lallen ya bar baba, ga kan uwar ango kore shar kamar miyar lalo.

Da la'asar raksha ta tsaya a bayan gida. Fatna ta shigo ta wajen awakin da mayafi biyu a kai, ta zauna a bakin gado ba tare da an ce ta zauna ba.

"Taɓaryar tana bayan ƙofa," in ji Hajjo.

"Ya Hajjo, ki ji tsoron Allah. Saura kwana huɗu." Ta zame mayafan.

Hajjo ta daɗe tana kallo. Ta so ta yi dariya, amma mai sana'a ce, hannunta ya riga ya kai kan gashin yana lalube ko ya ƙone. Bai ƙone ba, albarkar karkar na shekara goma sha biyar.

"Gadon naku ya yi tsiro," ta ce. "Zai gyaru. Lalle yau, baba gobe. Amma ina da sharaɗi guda. Gobe za ki fita ta ƙofar gaba, ki aika wa Reem cewa kan Amira nawa ne."

Fatna ta shiga murza bakin mayafi.

"Kina jina?"

"Ina jinki. Wallahi ya ukhti, 'yar'uwata, in don ni ce ki yi mata sau goma. Ni da nake kawo miki kaina, Alhaji ga shi nan kamar bijimin sa. Abin da nake faɗa a gidan biki na gidan biki ne." Ta sauke murya. "Ba ni na hana ba. Yarinyar ce ta zo har ɗakina tana kuka, ta ce ba za ta iya faɗa miki ba, in ce ni ce. Ma'alesh, ki yi haƙuri."

Hajjo ta miƙe. Ta jawo wani kwano, ba na ƙarƙashin gado ba, ta kwaɓa lalle ta shafe kan Fatna tun daga goshi har ƙeya, ta ɗaure da ƙyalle. Kashegari ta bi da baba. Hajiya Fatna ta fita da gashi baƙi wuluk, ta ƙofar baya, kuma zuwa magariba an ji a unguwa cewa koren ya tafi da kansa bayan ta yi addu'a.

Ranar ce Hajjo ta samu Amira a tsakar gida tana tsince shinkafa tare da Shaima, 'yar ƙanen Wada da ta zo taya aikin biki.

"An ce ba kya son hannuna," ta ce.

Amira ta ajiye faranti. Hawaye ya riga magana fitowa.

"Inna, ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

"Tun ina ƙarama nake ji. A makaranta, a gidan suna, ko'ina. Na san ƙarya ce, Inna, wallahi na sani. Amma Abdulganiyyu kullum yana kan hanyar Fau da lodin riɗi. In wani abu ya same shi, ba su za su fara faɗa ba, ni ce zan fara tunawa. Ba na so in tuna ki da wannan."

Hajjo ta shirya amsoshi tun jiya, masu kaifi, irin waɗanda ta tara wa matan unguwa shekara da shekaru. Tana iya cewa su mazan sun mutu kafin ta taɓa kan kowa. Tana iya kiran Wada daga kan keken ɗinkinsa a tsayar da shi shaida. Amma yarinyar ta riga ta ce ta sani, kuma sani bai hana ta tsoro ba. Zuciyar Hajjo ta yi zafi.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "Reem ɗin za ta yi miki?"

Amira ta girgiza kai. "Na ga kan Hajiya. Ba na son magani. Naki nake so, Inna, haɗinki." Ta dubi Shaima. "Sai dai Shaima ta shafa."

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Hajjo ta kwatanta wa Shaima yawan ruwan zoɓo, Shaima ta kwaɓa. Amira ta zauna ta kwance kai, gashi ya zubo cike da hannu, mai ƙarfi, irin wanda matan unguwa za su ce gado ne. Shaima ta ɗebo lalle ta fara daga gaba, ta yi kauri a nan, ta bar fili a can.

"Ba haka ba," in ji Hajjo. "Tsaga tukuna. Ƙarami. Ki kai shi har fata."

Shaima ta sake gwadawa, lallen ya gangaro ta bayan kunnen amarya yana neman wuya. Hannun Hajjo ya tafi da kansa zai share. Amira ta ga inuwarsa a tabarma, ta ɗan kautar da kai, kaɗan ƙwarai, ko Shaima ba ta lura ba.

Hajjo ta janye. Ta mayar da hannayenta biyu baya, ɗaya ya riƙe ɗaya gam, ta ja da baya taku guda.

"Share mata kunne, Shaima," ta ce. "A hankali. Nan wajen ba ta son a ja."