Shaidar da Baba Sidi Ya Yi wa Kawu Kafaran

Duk wanda ya zauna a Zongon Paraku ya san fil ɗin nan. Fil ne irin mai kulle kansa, wanda mata ke kama ɗankwali da shi, amma Kawu Isufu Kafaran, tsohon soja mai muƙamin kofur, a ƙirjinsa yake maƙala shi, ɓangaren hagu, ba komai a jikinsa. Rigar zaman gida da shi, rigar Juma'a da shi. Ranar ɗaurin auren 'yata ma haka ya zo, babbar riga sabuwa fil, ga kuma fil tsirara a kanta. In wata baƙuwa ta ce, "Baba, ka manta abu a rigarka," ta miƙa hannu, sai ya ja da baya kamar an nuna masa garwashi.

"Kul! Wurin nan da mai shi. Yana hanya."

Mai wurin lambar yabo ce, wadda aka ba shi lokacin da aka tura su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa. Lambar tana nan, na sha ganinta, a cikin gwangwanin man zafi take, naɗe da auduga. To me ya hana shi sawa? Littafinsa na sallama daga soja. An rubuta ranar da ya shiga, an rubuta ranar da ya fita, an rubuta har tabon da ke ƙafarsa, amma layin lambobi fari fat. Kawu bai iya karatu ba, amma ya san inda farin yake, yakan ɗora yatsa a kai ko idonsa a rufe.

Inna Hajo, matarsa, ta gaji ta ce, "Malam, ka sa abarka mana. Wa zai tare ka?"

"Hajo, soja ba ya sa abin da ba a rubuta masa ba. In na sa, me ya raba ni da mai wasan kwaikwayo?"

Duk shekara, ranar bikin 'yancin kai, tsofaffin sojoji na jeruwa ƙirji na ƙyalli, shi yana cikinsu da fil. Burinsa ke nan a duniya: a cike layin nan, ya yi fareti sau ɗaya da abarsa.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, doya nake sayarwa a kasuwar Arzeke, furfura ta riga ta kama mini gemu, amma har ya bar duniya Kurtu yake kirana, wato sabon shiga soja. Da ya ji na shiga ajin yaƙi da jahilci a Albarika, sai ya aiko a kira ni.

"Kurtu, an ce ka fara gane baƙi?"

"Kaɗan-kaɗan, Kawu."

"Ya isa. Daga yau kai ne sakatarena. Albashi babu, hutu babu."

Ranar Litinin ta zama ranar ofishin tsofaffin sojoji. Kuma Kawu ba ya hawa zem, wato acaɓa, wai babur na masu ciwon gwiwa ne. Shi yana gaba yana taka ƙasa, hagu, dama, ni ina bayansa a kan babur ɗina ina jan ƙafa, takardu a cikin leda. Masu zem suna wucewa suna mana oda: "Kafaran, an kama ɓarawo ne?" Shi ko waiwaye ba ya yi.

Rigimar farko a kan fotokopi aka yi ta. Akawun ofis ya ce a kawo kwafin littafin. Muka je shagon wata yarinya kusa da tasha, Kawu ya tsaya ya ga hasken nan yana bi ta ƙarƙashin takardar wani, sai ya mai da littafinsa cikin aljihu.

"Mu tafi."

"Kawu, lafiya?"

"Ba ka ga abin da yake yi ba? Lasar rubutu yake! In ba haka ba, daga ina yake samo wanda yake zubawa a ɗaya takardar?"

Yarinyar ta ce, "Baba, wallahi ba ya rage komai."

"'Yata, da ma layi ɗaya ya ɓace mini, shekara da shekaru ina nemansa. So kike sauran su bi shi?"

Sati uku muna wannan. Daga ƙarshe ya yarda, da sharaɗin a fara gwadawa da katin zaɓena. Aka yi, ya duba katin gaba da baya, ya ɗaga shi a rana, sannan ya miƙa littafinsa yana bismilla. Da aka gama ya bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce da yarinyar, "Kin yi sa'a."

To, sai babbar magana. Akawu ya ce kafin a aika Kwatano a bincika, sai an kawo shaidar wanda ya yi aikin tare da shi. A cikin waɗanda suka je, mutum ɗaya ya rage da rai: Baba Sidi na Jugu. Ku da kuka san su kun riga kun fara dariya. Baba Sidi taubashin Kawu ne, ɗan mace da ɗan namiji, rana ɗaya suka shiga soja. Tun suna yara ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya faɗi alherin ɗaya. In sun haɗu, gaisuwarsu ke nan: "Bawana, ba ka mutu ba?" "Ina zan mutu in bar ka ba ubangida?"

Na je Jugu na ɗauko shi a mota. Muka shiga ofis mu uku. Akawun saurayi ne daga kudu, mai ladabi, bai daɗe da zuwa arewa ba. Ya gyara zama gaban na'urarsa, ya tambayi Baba Sidi da Faransanci ko ya san wannan mutum.

Baba Sidi ya kalli Kawu sama da ƙasa, ya amsa da Faransancinsu na bariki. "Wannan? Na san shi sarai. Ranar da aka fara harbi, a bayan tukunyar shinkafa muka same shi."

Akawu ya rubuta.

"Lambar fa?"

"A kasuwa ya saye ta. Ni na ara masa jakar da ya sako ta."

Akawu ya rubuta. Shi kuma Kawu, maimakon ya ce a tsaya, sai ya buga sanda a ƙasa. "Rubuta, muse akawu! Rubuta kuma cewa wannan da ka gani, ƙarar tayar mota ta sa ya yar da bindiga ya hau bishiya!"

Suna ta yi, suna tafawa, har hawaye. Ni ma, Allah ya yafe mini, ina riƙe da ciki. Akawu ya fitar da takarda, suka dangwala yatsa suna ta dariya, muka fito muka ci doya da miya. A cikinmu ba wanda ya kawo a ransa cewa takarda ba ta san wasan taubasai ba.

Bayan wata biyu amsa ta zo: shaida ya ƙaryata mai nema, an rufe magana.

Na ɗauka Kawu zai yi fushi da Baba Sidi. Na ce, "Kawu, ka ga abin da ya jawo mana?"

Ya harare ni. "Me kake so ya ce? Ya yabe ni a gaban mutane, ina zaune? Ai da na fasa masa baki."

Na koma wurin akawu ni kaɗai, na yi masa bayanin taubashi tun daga tushe. Ya dafe kai ya ce su ma suna da irin wannan a garinsu, amma ba a kawo shi ofis. Ya ce in an samo sabuwar shaida a rubuce, zai sake aikawa. A lokacin kuwa ƙafafun Kawu sun fara kumbura, tafiyar Litinin ta gagara. Faretin shekarar nan daga kan tabarma ya ji shi a rediyo.

Sai na ɗauki littafin ajinmu da biro, na tafi Jugu ban gaya wa kowa ba. Na sami Baba Sidi a zaure bayan azahar. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya leƙa waje.

"Bawan nan ba ya cikin mota ko?"

"Yana kwance, Baba."

"Kwance sosai?"

"Sosai."

Ya sa na janyo ƙofa. Sannan ya fara, a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce motarsu ce ta faɗa kwanton ɓauna a bakin wani kogi, ta kama wuta. Kowa ya yi ta kansa. Isufu ya riga ya tsallake, ya kai inda ba abin da zai same shi, sai ya juyo. Sau uku yana komawa cikin ruwan nan ana harbi, kowane zuwa ya dawo da mutum a bayansa. Na ukun shi ne Sidi, da harsashi a cinya. Ya ce yana kwance a gadon asibitin sansani aka jera sojoji a fili, ta taga ya ga babban hafsa ya maƙala wa Isufu lambar.

Hannuna ba ya sauri. Kalma ɗaya sai na tsaya na haɗa baƙaƙenta a baki kafin in sa a takarda. Har aka kira la'asar muna shafi na farko.

"Kai, Kurtu! Kafin ka gama ai ni ma sai a nemo mini shaida."

Washegari mai rubuta wasiƙu na bakin ma'aikatar magajin gari ya juya ta zuwa Faransanci, Baba Sidi ya dangwala yatsa. Da zan tafi ya riƙe mini riga. "In ka karanta masa, ban yafe ba."

Na karanta masa mana. Ranar da na dawo, da hantsi, Inna Hajo tana zaune a bakin ƙofa. Kawu ya juya fuska ga bango, ina karantawa ina tuntuɓe, bai katse ni ba ko sau ɗaya, shi da ba ya barin liman ma ya gama magana. Da na kai ƙarshe sai ya yi magana, bai juyo ba.

"Ya ce goya shi na yi?"

"Haka ya ce, Kawu."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

"Ya faɗi cewa yana bayana yana kuka yana kiran innarsa?"

"Bai faɗa ba."

"To shaidar ba ta cika ba." Ya ja mayafi ya rufe fuska, muna ganin kafaɗunsa suna rawa. Har yau ni da Inna Hajo ba mu daidaita ba, ita ta ce dariya yake, ni na ce a'a.

Kawu bai kai kaka ba, Allah ya yi masa rasuwa. Amsar Kwatano kuwa sai da shekara ta zagayo, aka fara cin sabuwar doya, sannan ta iso. Akawun da kansa ya aiko in kai littafin Kawu, da aka gama ya miƙe tsaye ya ba ni shi da hannu biyu. An cike layin da baƙin biro, an buga hatimi a gefe. Ba na jin Faransancin takarda, amma na bi baƙaƙen ɗaya-ɗaya har na kai ƙarshe, a tsaye, a gaban mutane, ban ji kunya ba. Na fito na tsaya a bakin titi ina neman wanda zan kai wa.

Jugu na kai. Baba Sidi ya karɓa, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, na nuna masa wurin.

"Shi ke nan," ya ce. "Gwamnati ta lalace. An ba ɓarawon shinkafa lamba."

Ya tsaya yana jira, kamar yadda ya saba, a rama masa. Ni ba taubashinsa ba ne, ba ni da bakin ramawa. Sai ya rungume littafin, ya ce in ba shi wuri.

Allah ya jiƙan Kawu Isufu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya koma cikin ruwa ya ɗauko bayinka, ya Allah, ka ɗauke shi ka tsallakar da shi. Ka sanyaya zuciyar Inna Hajo, ka ba tsohon nan na Jugu haƙurin zama ba abokin faɗa. Amin.