Yadda Surukata Ta Ci Tuwo a Maraɗi

Ni mutum ne mai son kowane abu ya zauna a wurinsa. Aikina ne ya koya mini haka. Na yi shekaru ina yi wa dabbobi allura a ƙasar Damargu, daga Tanut zuwa Falanko zuwa kwarin Tarka, kuma duk wanda ya tsallake mataki ɗaya a wannan aiki, saniya ce za ta tuna masa da ƙafarta. Karatuna bai yi nisa ba, a ƙaramar lakwal, wato firamare, na tsaya. Amma tsari na san shi. Saboda haka zan ba da labarin nan yadda ya faru, na gaba a gaba, na baya a baya.

Surukata, uwar matata, tana zaune a wani ƙauye cikin kwarin Tarka. Bayan shekarun babban fari ciwon yana ya rufe mata idanu biyu, har ya zama sai dai ta bambanta rana da inuwa. Lokotoro, wato likita, a Damagaram ya duba ya ce abin zai gyaru, amma sai a Yamai, inda wasu masu aikin ido suka zo na ɗan lokaci. In suka koma ƙasarsu, ba wanda ya san ranar dawowarsu. Ɗanta da ke aikin ma'adinai can arewa ya aiko da tikitin jirgin sama na mutum biyu, shi kuwa ba a ba shi izinin barin aiki ba. Matata tana jego. Cikin sauran dangi ba wanda ya taɓa wuce Damagaram, ba kuma mai jin Faransanci. Rakiya ta faɗo kaina.

Kowa ya san abin da ke tsakanin mutum da uwar matarsa. Tun da na yi aure ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban taɓa zama kan tabarma ɗaya da ita ba, ban taɓa ganin ko ruwa ta kai baki ba. In tana da magana da ni, iska take gaya wa. Ko mu biyu ne kaɗai sai ta ce, "A gaya wa mijin yarinyar nan kaza." Ni kuma in ce, "To, Inna, an ji." Da tafiya ta kama, na nemo sandar makiyaya, na riƙe gaba ta riƙe baya, tunda ba zan kama hannunta ba.

Tsarina shi ne mu isa Damagaram da wuri, mu sauka gidan wani abokin aikina, matansa su shiga da ita ciki ta ci ta huta, washegari mu hau jirgi. Kamyon da muka shiga, wato motar kaya, ya lalace bayan Bakin Birji, a nan muka kwana a bakin hanya. Tana da goran fura cikin ƙunshinta. Na shimfiɗa mata tabarma nesa da maza, na tashi na ba ta wuri, na daɗe. Da na dawo na tarar da goran a ɗaure yadda aka ɗaure shi a gida. A lokacin ban gane dalili ba. Kafin gari ya waye furar ta yi tsami, ta zubar. Da ƙyar aka tayar da motar, muka wuce filin jirgi kai tsaye, ba mu ga ko ƙofar gidan abokina ba.

A cikin jirgi kujerunmu gefe da gefe suke, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ta takure jikin taga, ni na takure jikin hanya. Bayan mun tashi, yarinyar da ke hidimar fasinja ta kawo burodi da kifin gwangwani da lemo, ta ajiye gaban kowa. Ban taɓa nawa ba. Inna ma ba ta taɓa nata ba. Na san ba za ta taɓa ba ko da za a kai mu Makka a haka.

Kafin mu sauka Maraɗi, inda jirgin ke yada zango, na ga gumi yana bin wuyanta. Tun barinmu gida ba abin da ya shiga cikinta. Da muka sauko matakala sandar ta yi nauyi a hannuna, don jikinta duka ta ɗora a kai.

Yarinyar ta ja ni gefe ta ce da Faransanci, in tsohuwar ba ta da lafiya, matuƙi ba zai ɗauke ta ba, sai a bar ta asibitin Maraɗi. Na ce lafiyarta ƙalau, yunwa ce.

"To ta ci mana. Ba ga burodi can ta bari ba?"

Ta dube ni, ta dubi sandar da ke tsakaninmu, sai ta koma Hausa.

"Malam, surukarka ce?"

Na ce ita ce.

"La'ilaha! Wa ya haɗa wannan tafiya?" Ta rufe baki tana dariya. Ni ban yi ba. Ta ce ana jiran mai da buhunan wasiƙu, lokacin ba yawa. "In ka ji farfela ta farko ta tashi, ka sani saura a janye matakala. In kun dawo tana tsaye da ƙafarta, ni ban ga komai ba. In kuwa ɗaukar ta aka yi, ba ruwana."

Ɗakin jira ɗaya ne, cike da maza a kan benci. Ba lungu, ba labule. Na tsaya na jera abin a raina. Da farko izini, sannan mota, sannan wurin da mace ke da ɗaki. Na je wurin jandarman da ke bakin ƙofa na nuna masa tikiti na gaya masa gaskiya. Ya ce in jirgi ya tashi ya bar mu kada in zo ina yi masa kuka. Na ce ban saba ba. A waje akwai taksi guda a ƙarƙashin bishiyar bedi, direban yana barci da ƙafa a taga. Na tashe shi na ce gidan abinci mafi kusa nake so, wanda mace ke riƙe da shi, mai ɗaki daga ciki.

Ba nisa, a farkon gari. Rumfar kwano ce da tebura da benci, wasu direbobi suna cin shinkafa, bayanta kuma ɗakin ƙasa mai asabari. Mai wurin wata ƙatuwar mace ce da ludayi a hannu. Na gaishe ta na yi mata bayani a taƙaice.

Ta ce, "Daga ina?"

Na ce daga Damargu.

"Ku da kuke ciyar da rabin ƙasa da hatsi, yau kun zo roƙon loma a Maraɗi? Kawo ta nan. Sannu Inna, sannu da hanya. Saki sandar, ga hannuna, ni ba surukinki ba ce."

Ta shigar da ita ɗaki, ta saki asabari, ta kai tuwon hatsi da miyar kuɓewa da nama da waina. Na koma bakin mota na tsaya shiru, na ce a raina magana ta ƙare. Jim kaɗan sai ga matar ta fito ranta a ɓace.

"Ta ƙi. Ta wanke hannu ta zauna. Wai kana bayan asabari."

Na ce ga ni nan bakin hanya.

"Ni na gan ka. Ita da me za ta gan ka? Na rantse mata ta ce ni ƴar kasuwa ce, rantsuwa sana'ata ce."

A nan na gane maganar goran fura. Shiruna ne ya hana ta ci. Mutumin da ba ya gani, in bai ji ka ba, bai san ko kana nesa ko kana tsaye a kansa ba. Ni kuwa duk dangin matata sun san ni da rashin magana. Abin da ake bukata shi ne ta ji muryata, ta ji ta daga nesa, kuma kada ta yanke.

Na ce wa matar ta koma ta zauna da ita, in ta gama ta fito da ita, ni ba zan matso ba. Na kama direban taksi na tsallaka da shi ɗaya gefen hanya, inda nake hango wutsiyar jirgin ta saman bishiyoyi. Na tsayar da shi a gabana. Ban iya hira ba, ban iya tatsuniya ba. Abu ɗaya na sani daga farkonsa har ƙarshensa.

Na ɗaga murya na ce, "Ka san yadda ake yi wa shanu allurar bushiya?"

Ya kira ni yadda suke kiran maigida, ya ce, "Patoro, ko akuya ba ni da ita."

Na ce, "To saurara."

Na fara daga farko. Yadda ake aika wa ardo saƙo tun kafin a zo, a faɗa masa rijiyar da za a haɗu. Yadda ake shirya akwatin ƙanƙara, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, don in maganin ya ji zafi ya zama ruwan banza. Yadda ake tafasa allurai. Yadda ake kafa shinge mai baki ɗaya, a fara shigar da tsofaffin shanu saboda su ne masu hankali, matasa su bi su. Da irin muryar da nake kiran makiyayi daga ƙetaren garke nake faɗa. Direbobin rumfa suka bar shinkafa suka juyo. Wani mai keke ya tsaya. Wani ya ce, "Wa'azi ne?" Aka ce masa a'a, likitan shanu ne ya taɓu.

Direban ya ce, "Patoro, kunnena lafiya lau yake, don Allah sassauta."

Na ce, "Ban zo kan kunne ba tukuna." Na ci gaba da yadda ake yanke ɗan gefen kunnen duk saniyar da aka yi wa, don kada a maimaita mata.

Matar ta leƙo ta asabari ta ɗaga mini ludayi sama. Na gane an fara ci.

Ina cikin bayanin yadda ake kayar da bijimi mai gardama, sai na ji farfela ta farko ta tashi. Direban ma ya ji, ya nufi mota. Na riƙe masa riga. Na dubi ƙofar ɗakin, matar ta fito da hannu ta nuna mini saura kaɗan. In na yi shiru yanzu Inna za ta janye hannu daga kwano. In na matsa in ce ta yi sauri, na yi abin da ba a yi, kuma ba za ta ƙara loma ba. Rabin ciki ba zai kai ta Yamai a tsaye ba. Shanu sun ƙare mini. Na shiga raƙuma.

Na ƙara murya don ta rinjayi ƙarar jirgi. Na faɗi yadda ake gurfanar da raƙumi, yadda ake ɗaure masa gwiwa, wane gefe ake tsayawa saboda cizo. Maƙogwarona ya bushe, ni ma tun jiya ba abin da na ci. Ban tsallake mataki ko ɗaya ba.

Asabari ya ɗaga. Ga Inna ta fito tana gyara mayafi, matar tana riƙe da ita, kuma tafiyar ba irin ta ɗazu ba ce. Na yanke magana a tsakiyar raƙumi. Na sallami mai abinci, ta ce in ƙara zuwa, na tara mata jama'a. Direban ya ja mota kamar ana bin sa.

Jandarman yana ganin mu ya buɗe ƙofa. Farfela ta biyu ta riga ta tashi, mutum biyu sun kama matakala za su janye. Yarinyar tana tsaye a ƙofar jirgi ta ɗaga musu hannu. Ban yi gudu ba, don mai jan sanda ba ya gudu. Na taka a hankali, Inna tana biye, iskar farfela tana kaɗa mata zane. Ta hau matakala da ƙafarta, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tallafe ta. Da muka wuce yarinyar ta ce a hankali, "Ban ga komai ba, Malam."

Bayan jirgi ya daidaita a sama, sai na ji motsi a gefena. Inna ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani ƙunshi na takarda da maiƙo ya ɓata, ta lalubi hannun kujerar da ke tsakaninmu ta ajiye. Sannan ta gaya wa iska, "A gaya wa mijin yarinyar nan barci zan yi. Kada a tashe ni sai an sauka." Ta ja mayafi ta rufe kai ruf, ta juya fuska ga taga.

Na buɗe. Naman da aka sa mata ne, da waina guda biyu. Na san ba barci take ba. Na ci wainar, sannan naman, na ninke takardar na sa a aljihu.

A Yamai mun tarar da masu aikin ido ba su tafi ba. Suka gwada ta suka ce jikinta da ƙarfi, aka yi mata. Ido ɗaya ya buɗe sarai, ɗayan ya ƙi. Da shi ta ga jikar da aka haifa mata, da shi ta ci gaba da tsince hatsinta har ƙarshen ranta. Mun koma yadda muke, ba ta ƙara zama kusa da ni ba, ni ma haka. Sai dai matata ta gaya mini cewa ranar da muka dawo Tarka ta mota, mata sun cika ɗaki suna tambayar labarin jirgi, Inna ta ce ita ba ta ga jirgi ba da za ta ba da labarinsa, amma duk mai saniya ta kawo, yanzu ta san yadda ake allura.