Malam Sha'ibu da Sunan da Ya Dawo Ba Mai Shi

Kafin masu shayin bakin tashar Kankara su gama hura wuta, Malam Sha'ibu ya riga ya buɗe shago. Shagon ƙarami ne, a jikin katangar tasha yake, ƙyaure biyu na ƙarfe, benci ɗaya. Zai yi shara, ya yaye tsohon zanen da yake lulluɓe kwamfuta da shi, ya yi ta jan igiyar janareta har ya tashi, wata rana da addu'a, wata rana da zagi. Kwamfutar irin ta tebur ce mai akwati a ƙasa, ta girmi wasu masu gemu a garin nan. In ta gama nishinta ta buɗe, abin da yake fara yi ba ya canzawa. Zai ja linzamin kwamfutar zuwa dogon layin nan da ke kwance a ƙasan allo, can gefen dama kusa da agogo, inda wata 'yar alama take kamar mafici. Ya danna ta, sunaye su jero.

Ga wanda bai sani ba, duk wayar da mai ita ya kunna wa hospot, wato ya buɗe ta don wani ya ɗebi data a jikinta, tana shelar sunanta a iska, kwamfutar da ke kusa kuma tana ji. Malam Sha'ibu da aron nan yake aiki. Ya ari na wannan ya tura takardar ɗalibi, ya ari na wancan ya cike wa wani takardar neman aiki. A da in ya danna, sunaye har ba sa ƙarewa a allo ɗaya. Akwai na mai kemis, akwai na malaman makaranta, akwai na wani marowaci mai sayar da taya da ya sa wa nashi suna "Sayi Naka". Yanzu ka je ka sa ya danna maka. Mai kemis ya koma Funtuwa. Mai taya an tare shi a hanyar gona, bai dawo da ƙafarshi ba. Malamai sun nemi canjin wurin aiki. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Cikin sunayen can na da akwai "Jabiru Direba". Jabiru yana jan mota tsakanin Kankara da Faskari, wani lokacin ya zarce har Sabuwa in an samu lodin masara. Da ya shigo tasha zai kunna hospot ya bar wa Malam Sha'ibu, bai taɓa cewa a ba shi ko sisi ba. Mahaifiyarshi, wadda kowa ke kira Dada, tana sayar da daddawa a bakin hanya. Ita ta fara gane amfanin abin. Maimakon ta ratsa cikin maza tana leƙen motoci, sai ta leƙo shago ta tambayi Malam Sha'ibu ko ɗan nata ya shigo. Ya danna, ya ce ya shigo, ko ya ce tukuna. Shekarar da aka katse sabis a ƙananan hukumomin nan, aka wayi gari ba mai iya kiran kowa, Jabiru bai daina kunnawa ba. Ba data a ciki, ba komai, sunan kawai yake bari ya fito don tsohuwa ta samu ta ci abinci. Dada ba ta karatun boko, amma ta haddace kamannin sunan. Cewa take harafin farko kamar ƙugiyar mahauta yake.

Wata ranar kasuwa sunan bai fito ba. An samu motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, takalman mutane a warwatse. 'Yan bindiga sun kira, dangi sun sayar da abin da za su sayar, an kai. Aka sako wasu, ba a sako Jabiru ba. Daga nan lambar ta daina shiga.

Wanda bai taɓa zama da irin wannan ba, ba zai gane ba. Mutuwa ana yi mata kuka a share hawaye. Wannan kuwa ba a san me za a yi mata ba. Matarshi Sa'adiya tana zaune da yara biyu, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Malaman addini sun ce ba a yanke wa mutum mutuwa da zato, sai dai jira. Dada ta hana a yi zaman makoki, ta hana a taɓa kayanshi. Wanda ya yi kuskure ya ce Allah ya jiƙan Jabiru, ta daina gaisawa da shi. Kowace ranar kasuwa za ta ajiye tiren daddawa, ta zauna a bencin Malam Sha'ibu, ta ce ya duba mata.

Kai ne, Malam Sha'ibu, ka yi ta dannawa. Ka san wayar ba ta kai zangon da ya wuce katangar tasha. Ka san in da Jabiru ya iso inda kwamfutarka za ta ji shi, da Dada ta riga ta gan shi da idonta. Ka taɓa gwada yi mata bayanin haka, ta kalle ka ta ce ita ba bayani ta zo nema ba. Daga ranar ba ka sake ba. Ko kana tsakiyar aikin wani, kakan ce ya yi haƙuri, ka danna, ka karanto mata sunayen ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana bin allon da ido ko za ta ga ƙugiyarta. Damina ta wuce a haka, rani ya wuce, wata daminar ta sake zuwa. Akwai waɗanda suka ce kana ƙara wa tsohuwa hauka. Su masu hankalin ba wanda ya taɓa ba ta wurin zama.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, kasuwa ta cika. Dada tana kan benci tana jiran ya gama da wani baƙo. Baƙon sunanshi Gide, manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Sabuwa, siriri, idanu a zurme. Ya zo a ciro mishi hoton matarshi daga waya a wanke, za a manna a katin asibiti. Malam Sha'ibu ya karɓi wayar, fuskarta duk a tsage, bayanta an ɗaure da roba. Kamar yadda ya saba yi wa kowa, ya kunna mata hospot don ya jawo hoton, ya juya ya danna 'yar alamar.

Sunan Jabiru ne a sama. Kafin ma ya taɓa komai kwamfutar ta kama shi da kanta, don ba ta manta lambar sirrin ba. Ba wai mai irin sunan ba ne. Wayar ce.

Dada tana bayan Malam Sha'ibu, tsakaninta da Gide bai fi a miƙa hannu ba. A waje kuwa ga 'yan sa-kai zaune a inuwar tasha da bindigoginsu, ga matasan da kowannensu an kashe mishi wani. Duk mun san abin da ake yi wa baƙon da aka gani da wayar wanda aka sace. Ba a tambayarshi. Ihu ɗaya ya isa, kafin a kira azahar an gama. Malam Sha'ibu ya ce ba tausayin mutumin ne ya fara zuwa mishi ba, don a lokacin bai san ko ɓarawo ba ne. Abin da ya zo mishi shi ne gawa ba ta ba da labari, kuma wannan mutumin shi kaɗai ne ya fito daga inda Jabiru ya shiga.

Sai ya gyara zama, ya baza babbar rigarshi ta rufe allon, ya kashe shi ta ƙasa.

"Dada, injin ya ɗau zafi. Ki tahi ki dawo bayan la'asar."

Ta yi 'yar mita, ta ce kullum injin nan da ciwonshi kamar tsohon jaki, ta ɗauki tirenta ta fita. Ya tura ƙyaure ɗaya, ya ajiye wayar a tebur tsakaninsu.

"Bawan Allah, ban kira kowa ba, kuma ba ni son in kira. Ina ka samu wagga waya?"

Gide ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Da kyar maganar ta fito. Matarshi Khadijatu ce 'yan bindiga suka ɗauke. Da ya kai musu abinci da abin da suka fara nema, ba shi da waya, sai babbansu ya zaro ɗaya daga cikin buhu ya jefa mishi, ya ce da ita za a riƙa kiranshi. Bayan an sako ta ba wanda ya ce ya mayar, shi kuma tsoro ya hana shi yar da ita. Ƙauyensu ya tashi, yanzu suna rakuɓe a gidan dangi a Ketare. Bai san wani Jabiru ba. Amma ya ce matarshi takan yi maganar wani direba.

Malam Sha'ibu ya rufe shago ranar kasuwa, abin da bai taɓa yi ba, ya fitar da Gide ta bayan tasha, suka hau babur ɗaya zuwa Ketare. Khadijatu tana kwance, ƙafafu a kumbure. Daga bayan labule ta ba shi labari. Direban ya yi ta zazzaɓi da gudawa tun tsakiyar daminar farko, ba magani. Shi ne mai ba su dariya in an kawo tuwon da ba miya. Wata safiya bai tashi ba. Mazan da ke ɗaure suka roƙa aka kwance su, suka haƙa rami da itace da hannu. Wani dattijo daga ƙasar Faskari, Baba Ɗanliti, shi ya ja sallar.

Da aka kai wa limamin garin labarin a asirce, ya ce ana son wanda ya sa hannu a binnewar. Malam Sha'ibu ya bi hanyar da ta ci Jabiru, ya yi ta tambaya ƙauye ƙauye har ya samu dattijon, ya ɗauko shi. Duk wannan Dada ba ta sani ba. Ta zo ranar kasuwar da ta biyo, ya danna mata kamar kullum, ya karanto mata sunaye. Ya ce a duk aikin da ya yi a shagon nan ba abin da ya kai wannan karatun nauyi.

Sai da komai ya tabbata ya tafi gidanta tare da liman da Baba Ɗanliti. Aka kira Sa'adiya. Dattijon ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba. Sa'adiya ta shige ɗaki. Dada ta ɗago ta dubi dattijon.

"Malam, an yi mishi wanka?"

"Ba su ba mu ruwa ba, Hajiya. Taimama muka yi mishi."

"An fuskantar da shi gabas?"

"Da hannuna na juya shi."

"To," in ji ta. "Allah ya jiƙan Jabiru."

Ita ta fara faɗa, sannan kowa ya samu bakin faɗa. Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka yi zaman makokin da ya makara fiye da shekara. Liman ya warware wa Sa'adiya matsayinta, yanzu ta san ko ita wace ce.

Kar wani ya ɗauka an yi wa Malam Sha'ibu godiya. Da labari ya fita, cewa aka yi ya ɓoye ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, ya fitar da shi ta bayan tasha. Aka kira shi infoma, kalmar da ta kashe mutane da yawa a yankin nan. An zo an ɗauki kwamfutar an kai bincike, ta dawo murfinta a karye, ba a samu komai ba, ba kuma wanda ya ce yi haƙuri. Wasu har yau ba sa kawo mishi aiki. Masu wannan magana su je Ketare su kalli ƙafafun Khadijatu, sannan su dawo su maimaita. Ita kanta Dada ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarshi, don ya ce mata injin ya ɗau zafi alhali sunan ɗanta na kan allo. Daga baya ta aiko mishi da daddawa.

Yanzu ga shi zai rufe shagon. Ido ya yi rauni, aiki ya mutu, garin kuma kullum raguwa yake. Ƙarshen watan nan zai koma wurin ɗanshi a Katsina. Bayan labarin Jabiru wasu mata sun fara zuwa, daga Ketare, daga ƙauyukan Faskari, kowace da sunan da take so a duba mata. Yana dannawa. Har yau ba a sake dacewa ba, kuma mai yiwuwa ba za a sake ba. In ya tafi, ban san inda za su zauna ba.

Ba abin da ya gyaru a ƙasar nan, hanyar tana nan yadda take, dajin ma haka. Abin da ya rage mana ƙanƙane ne, to a yi shi. Wanda ya sayi waya ta hannu a kasuwannin nan, kar ya yi saurin kai ta a goge. Ya sa a duba mishi sunan da take shela, in ba nashi ba ne ya kai wa limamin garinsu a asirce. Mai shagon kwamfuta ya riƙa duba ƙasan allonshi. Wanda kuma ya ga baƙo da kayan wanda aka sace, ya riƙe bakinshi har a tambaye shi tukuna, don wataƙila wata uwa na jiran abin da ke cikin bakin nan.

Malam Sha'ibu, mai haƙurin zama da masu jira, Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka gama lafiya. Ba ka dawo wa Dada da ɗanta ba, ba wanda zai iya. Amma ta san an yi mishi salla, ta san inda fuskarshi ke kallo, kuma a yankin nan yanzu ba kowace uwa ke samun ko wannan ba. Mun gode.