Sauke Fankar Rijiyarmu

Tun ina yarinya na tarar da fankar a bakin rijiyar ƙauyenmu, wajen Kafin Dafga. Dogon ƙarfe ne mai fukafukai a sama, iska na juya su suna jawo ruwa zuwa kwatami. Mu da Fulanin rugar gabas duk nan muke ɗiba. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ke hawa yana sa mata giris.

Lokacin da na dawo gida koyarwa an riga an haƙa burtsatse. Fankar ta tsufa, ba ta kawo ko ɗigo, sai ƙara kamar tsohon ƙyaure. Baffa kuma ciwon gwiwa ya hana shi hawa.

Ya kira ni ya ce, "'Yata, ke kika yi boko. Rubuta wa hukuma su zo su sauke ta kafin iskar bazara. Kusoshin sama sun cinye, ni na san su."

Na rubuta. Sau uku ina hawa acaɓa zuwa ofishin da aka ce su ke da ita. A zuwa na uku ma'aikacin ya gama jujjuya takardu ya ce, "Malama, ba ta cikin lissafinmu."

"To mu sauke da kanmu ke nan?"

"A'a, ai kayan gwamnati ne."

Na tashi na koma gida.

Aka yi taro a ƙofar mai unguwa. Maƙerin garin yana son ƙarfen, ardon ruga ya ce da ita baƙinsu ke gane hanya, mai unguwa ya ce shi ba za a sa sunansa ba. Aka kai la'asar, aka shafa fatiha, aka watse. Ban ci abinci ba ranar don takaici. Mata na bi ta ƙarƙashinta kullum da tulu a ka, ba wanda ya ambace su.

Wata safiya Baffa ya ɗauko kujera ya zauna a gindinta, ya sa maƙeri ya hau da igiya, yana gaya masa kusar da zai fara kwancewa. Kwana uku suka yi kafin fiffike na ƙarshe ya taɓa ƙasa.

Bayan sati biyu sai ga ma'aikacin nan a kan babur, yana tambayar wa ya ba da izini.

Baffa ya ce, "Ni ne, ɗana. Zauna ka sha ruwa."

Ya sha, ya ƙirga fukafukan, ya ce kada kowa ya taɓa, za a turo mota. Damina biyu ke nan suna jibge bayan gidan mai unguwa, awaki na fakewa a ƙarƙashinsu. Maƙeri har yau ba ya gaishe ni sosai, don a ganinsa rubutuna ne ya hana shi samun ƙarfen.